Kamun tirawut da ƙwaron bogi a ƙarshen Agusta: tambayoyi da amsoshi daga kogin Madison

Wannan shafi na masu tambaya ne game da wani irin su da ba a saba gani a wajenmu ba. Mutum zai tsaya a tsakiyar kogi, ruwa iya gwiwa, yana kaɗa doguwar igiya a sama, ba tana, ba taru, ba koma a hannu, wai kifi yake nema. Amsoshin sun tsaya ne kan kogin Madison da ke jihar Montana a Amurka, a makonnin ƙarshe na Agusta zuwa farkon Satumba, lokacin da zafinsu ke haramar tafiya, mu kuma a gida ana tsakiyar marka.

Wane irin kifi ne tirawut, kuma me ya sa babu shi a gulabenmu?

Dangin kifin salmon ne, mai ɗigo-ɗigo a jiki, kuma ɗan ruwan sanyi ne na gidi. Ya fi walwala da cin abinci idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 10 da 18 a ma'aunin Salshiyas. Da zarar ya haura 20 sai ya fara jin jiki, idan ya daɗe a kan 25 kuwa mutuwa ce. Tarwaɗa da ƙarfasa a irin wannan ɗumin ne ma suke samun yadda suke so, shi ya sa su suka gaji gulabenmu, shi kuma ba ya ko leƙowa.

A Madison iri biyu ake yawan kamawa. Akwai mai ruwan ƙasa da jajayen ɗigo, akwai kuma mai jan zane a gefe, wanda ake kira bakan gizo. Yawancinsu tsawon santimita 30 zuwa 45 ne. Wanda ya saba ganin giwan ruwa zai raina su a ido, har sai ranar da ɗaya ya ja masa igiya cikin ruwa mai gudu.

Mene ne ƙwaron bogi, kuma ina bambancinsa da fatsar da muka sani?

Ƙugiya ce tsirara, aka naɗe ta da zare da gashin wuyan zakara da gashin barewa, wani lokaci da ɗan yankin soso, har ta koma kamar ƙwaro. Ba ta da ƙanshi, ba ta da ɗanɗano. Ido kawai ake yaudara. Dabarar ta tsufa ƙwarai: wani marubuci ɗan Rum mai suna Aelian, wajen shekara ta 200 miladiyya, ya ba da labarin mutanen Masedoniya da ke naɗa jan ulu da gashin zakara a ƙugiya su kama kifi mai ɗigo.

Babban bambancin yana wajen jifa. A fatsa, nauyin darma ko na abin da aka maƙala shi ke jan zare zuwa nesa. Ƙwaron bogi kuwa bai da nauyin da za a jefa, iska ma tana iya ɗauke shi daga tafin hannu. Don haka igiyar ce aka yi mai kauri da nauyi, ita ake kaɗawa gaba da baya har ta miƙe, ta ɗauki ƙwaron ta kai shi. A bakinta akwai siririn zaren nailan kamar mita uku, wanda ke ƙara sirancewa har inda aka ƙulla ƙugiya, don kada kifi ya ga mai kaurin.

Me ya keɓanta ƙarshen Agusta?

Ruwan Madison daga dusar ƙanƙarar duwatsu yake samun ƙarfinsa. Kogin yana farawa a cikin gandun dajin Yellowstone, inda rafukan Firehole da Gibbon suka haɗu, ya yi tafiyar kusan kilomita 295 zuwa Three Forks, can ya gamu da Jefferson da Gallatin su zama kogin Missouri. A watan Mayu da Yuni ƙanƙara na narkewa, ruwa ya cika ya yi jaja-jaja. Kafin Agusta ya janye, ya yi garai-garai, ya kuma ɗumama. Manyan ƙwarin ruwa da ke ƙyanƙyashewa a farkon zafi sun wuce. Kifayen kuma sun shafe wata biyu suna ganin ƙugiyoyin baƙi daga ko'ina a duniya, sun yi wayo.

Abin da ya ceci lokacin shi ne fara. Ciyawar kwarin ta bushe, ana yankan ciyawar dabbobi a gonaki, fara ta girma ta yi fiffike, ga iska mai ƙarfi da ke tasowa kusan kullum da rana. Duk wadda iska ta kwasa ta jefa a ruwa ta zama rabon kifi. Haka tururuwa masu fiffike da ƙananan buzuzu. Kifin da ya wuni yana tsintar ƙwari ƙanana, idan ya ga fara guda ta faɗo, da wuya ya kau da kai.

To yaya ranar take tafiya, daga safe zuwa dare?

Sammako shi ne rabin aikin. Garin Ennis, wanda shi ne matattarar masu wannan su, yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,500, don haka ko a Agusta asuba na zuwa da sanyin da sai an sa rigar sanyi. Daga idar da sallar asuba sai a kama hanya. A wannan lokacin ruwa ya kwana yana hucewa, ya kai ƙarshen sanyinsa, kifi na cikin ƙarfinsa. Sai dai saman ruwa shiru ne, ƙwari ba su tashi ba. Saboda haka ana farawa da ƙwaron da ke nutsewa, mai kwaikwayon tsutsotsin da ke zaune ƙarƙashin duwatsu. Mafi yawan abincin tirawut dama a ƙarƙashin ruwa yake cinsa, abin da ake gani a sama kaɗan ne.

Da hantsi, a wuraren da ruwa ya kwanta, wasu ƙwari baƙaƙe masu fararen fikafikai, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, sukan taru a sama da ruwa. Wanda ya taɓa ganin shinge ya fito bayan ruwan sama, tsuntsaye da kaji suka ruɗe, ya san yanayin. Suna barbara a iska, matan su zuba ƙwai, sannan duka su zubo kan ruwa matattu, fikafikai a baje. Sai ka ga hancin kifi yana ɓullowa yana komawa a wuri guda, a natse, kamar mai ƙirga. Wannan shi ne mafi wuyar kamu a duk ranar, domin ƙwaronka ɗaya ne cikin dubbai, ƙugiyar kuma ƙanƙanuwa ce har zura mata zare sai da tabarau. A kogin Missouri, kusa da ƙauyen Craig, an fi shahara da wannan.

Wajen ƙarfe sha ɗaya rana ta gasa ciyawa, fara ta fara tsalle, iska ta taso. Nan ake sauya ƙwaro a ɗaura farar soso mai ƙafafun roba. Ana bin gaɓa a hankali, ana jefa ta dab da ciyawa, tazarar taki ɗaya ko ƙasa da haka, kuma ba a tausaya mata, a bar ta ta faɗi ɓat, domin haka ta gaske take faɗowa. Da yawa sukan ƙulla wani ɗan zare kamar rabin mita a gindin ƙugiyar, su rataya ƙaramar tsutsa a ƙasa, kifin da ya ƙi ta sama ya ɗauki ta ƙasa.

Babban tirawut mai ruwan ƙasa ba ya yi wa fara gaggawa. Za ka ga inuwa ta rabu da ƙasan gaɓa, ta taso a hankali, ta bi ƙwaron da baya-baya tana dubawa, hanci kusan yana taɓa shi. Sannan farin baki ya buɗe. A nan ne hannun sabon shiga yake cin amanarsa, ya fizge kafin bakin ya rufe, ƙwaro ya dawo masa a fuska. Sai kifin ya rufe baki ya sunkuyar da kai ake ɗaga sanda, kuma ɗagawa ce, ba fizga ba.

Bayan azahar, ma'aunin zafi ne zai faɗa maka ko akwai sauran su a ranar. Idan ruwa ya yarda, da yamma liƙis wasu ƙwarin kan sake fitowa har duhu, rana kuwa ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas.

Ana ta maganar zafin ruwa. Shin ba wuce gona da iri ba ne?

Ko kaɗan. A ganina wanda ya fito ƙarshen Agusta ba ma'aunin zafi a aljihu bai gama shiri ba, ko da sandarsa ta fi ta kowa tsada.

Dalilin yana cikin numfashi. Ruwan sanyi ya fi riƙe iskar oksijin. A digiri 10, lita guda kan riƙe kusan miligiram 11, a digiri 25 kuwa kusan 8 ne, a kan tudu ma bai kai haka ba. A daidai lokacin da iskar ke raguwa, jikin kifin kuma buƙatarsa ƙaruwa take yi, domin jininsa na bin zafin ruwan da yake ciki. To ka haɗa masa da kokawar minti biyar a bakin ƙugiya. Za ka sake shi, ka ga ya tafi, ka ce lafiya lau, bayan awa ɗaya ko biyu ya juya ciki sama a can ƙasan kogi inda ba ka gani.

Hukumar kifi da namun daji ta Montana tana da doka a kan haka. Idan zafin ruwa ya kai digiri 73 a ma'aunin Faranhait, kusan 23 ke nan a Salshiyas, kwana uku a jere, tana iya hana su daga ƙarfe biyu na rana zuwa sha biyun dare a wannan sashen kogin. Idan abin ya tsananta a rufe gaba ɗaya. Masu kula da yawa ba sa jiran hukuma, da sun ga 20 sai su naɗe igiya. Ka lura kuma ruwa ba ya bin rana ƙafa da ƙafa: ya fi zafi wajen la'asar zuwa yamma, ba tsakar rana ba. Mutum zai ji iska ta yi sanyi da magariba ya ɗauka ruwa ma ya huce, alhali lokacin bai yi nisa da ganiyarsa ba.

Sassan kogin ma ba ɗaya ba ne. Na sama, wanda ke fitowa daga madatsar Hebgen ya ratsa tafkin da girgizar ƙasar 17 ga Agusta 1959 ta haifar, lokacin da gefen dutse ya zaftaro ya toshe kogin, mutum 28 suka rasu, ya fi sanyi. Na ƙasa da tafkin Ennis kuwa saurin ɗumi gare shi, saboda tafkin ba shi da zurfi, rana na dafa shi. Can ne doka ta fi yawan faɗawa.

Ɗumi kuma yana buɗe wa cuta ƙofa. A Agustan 2016 wata ƙwayar cuta mai kama ƙoda ta kashe dubban kifaye a kogin Yellowstone da ke makwabtaka, lokacin ruwa ya yi ƙasa ya yi ɗumi, har hukuma ta rufe mil 183 na kogin, ba su, ba wanka, ba shiga kwale-kwale.

Na jefa ƙwaro a gabansa, ya taso ya duba ya koma. Me na yi ba daidai ba?

Sabon shiga zai ce launin ne, ya buɗe akwati ya sauya. Galibi ba launi ba ne, tafiyar ƙwaron ce. Ƙwaron gaske ba a ɗaure yake da komai ba, yana tafiya daidai da gudun ruwan da yake kai. Naka kuwa a ɗaure yake da igiya da ta kwanta a kan ruwa iri-iri, na tsakiya mai sauri, na gefe mai nawa. Ruwan tsakiya zai ja cikin igiyar ya yi gaba da ita, ita kuma ta ja ƙwaron, sai ya riƙa tsaga ruwa yana barin ɗan layi a bayansa. Kai daga nesa ba lalle ka gani ba. Kifin da ke kallo daga ƙasa yana gani sarai.

Maganinsa shi ne da zarar igiya ta sauka, ka ɗaga ta da kan sanda ka kifa cikinta zuwa sama da kogi, ba tare da ka motsa ƙwaron ba. Hakan na saya maka 'yan daƙiƙu na tafiya mai kyau. Wanda ya fi wannan sauƙi shi ne ka matsa kusa, ka rage tsawon jifa. Yawancin kifin ana kama shi ne a cikin mita goma. Masu son a ga sun iya jifa mai nisa su ne suka fi komawa gida da labari kawai.

Sauran dalilan: inuwarka ta faɗa kan ruwa, ko ka tako duwatsu da ƙarfi, ko zaren bakin ya yi kauri ga ruwa mai haske irin na wannan lokaci. Tirawut kan fuskanci inda ruwa ke fitowa, don haka ta bayansa ake zuwa masa.

Wane kaya ne dole?

Sanda mai tsawon ƙafa tara, lamba biyar (lambar nauyin igiyar da take ɗauka ke nan), da igiya mai lamba ɗaya da ita. Abin naɗe igiya. Zaren baki kala biyu ko uku. Ƙwari 'yan kaɗan: fara, tururuwa, buzuzu, tsutsa. Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, wanda ke nuna maka ƙasan kogi kuma ya tsare ido daga ƙugiya idan iska ta juyo da ita. Hula, filaya ƙarama, komar roba, ma'aunin zafi, ruwan sha. Dogon wandon roba mai kaiwa ƙirji ba dole ba ne a Agusta, da yawa da wando na yau da kullum suke shiga, amma takalmi mai riƙe dutse kam ba a wasa da shi. Duwatsun Madison mulmulallu ne masu santsi.

A sha wannan wahala duka, sannan a saki kifin? Ina hankali a nan?

Wannan ita ce tambayar da ba ta taɓa fashi, kuma mai yin ta bai yi laifi ba. A wajenmu su sana'a ce, abin da aka kamo shi ne cefane.

Amsar tana cikin tarihin kogin. Da can hukuma kan ƙyanƙyashe kifi a gidan kiwo ta zuba a koguna don masunta su kama. Wani masanin kifi na jihar, Dick Vincent, ya gwada a Madison ya gano cewa inda aka daina zubawa, kifin da aka haifa a kogin ya ƙaru ƙwarai, a yawa da girma. Na kiwon suna takura wa 'yan gida ne, sannan su kansu ba sa daɗewa. A 1974 Montana ta daina zuba kifin kiwo a kogunanta. Tun daga nan duk abin da ka kama a Madison haihuwar kogin ne, kuma da kowane baƙo cikin dubban da ke zuwa zai tafi da biyu ko uku, da tuni an ga ƙarshensa. Garuruwa irin su Ennis da West Yellowstone da wannan kifin suke ci, daga masu jagora zuwa masu masauki.

Ba ko'ina ne saki ya zama dole ba. Doka na bambanta daga sashe zuwa sashe, akwai inda aka yarda ka tafi da 'yan kaɗan, kuma naman yana da daɗi. Akwai ma inda kisa ne dole: a tafkin Yellowstone, wani baƙon tirawut na tafki da aka gano a 1994 yana cinye na asalin wurin, don haka duk wanda ya kama shi an hana shi mayarwa da rai.

Wanda zuciyarsa ba ta natsu da wahalar da dabba don nishaɗi kawai ba, ya tambayi malaminsa, ko ya zaɓi inda aka halatta ɗauka ya kama na miya ya tsaya. Ni dai na fi ganin girman wannan a kan mai kama talatin cikin ruwa mai ɗumi yana ɗaukar hoto da kowanne.

Yaya ake sakinsa ba tare da an cuce shi ba?

Ka matse kunnen ƙugiya da filaya tun kafin ka fara, ta yadda za ta zare cikin sauƙi. A cikin gandun Yellowstone wannan doka ce. Kada ka ja kokawar ta yi tsawo. Ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, domin yauƙin jikinsa shi ne garkuwarsa daga cuta. Kada yatsa ya shiga inda yake numfashi, kada ka matse cikinsa, kada ka ɗora shi a kan dutse ko ciyawa. Ka bar shi cikin koma a ruwa ka zare ƙugiyar. Sannan ka riƙe shi sako-sako, kai yana fuskantar ruwa, za ka ji jikinsa na dawowa a tafin hannunka, wutsiya ta fara motsi, sai ya fizge da kansa. Idan ya haɗiye ƙugiyar can ciki, yanke zaren ya fi tono.

Kogin ya ratsa gonakin mutane. Ba za a kama ni da shiga gonar wani ba?

A Montana, dokar 1985 ta ba kowa damar amfani da kogi har iyakar inda ruwa kan kai idan ya cika, ko da filin gefe na wani ne. Sharaɗin shi ne ka shiga ta gada ko mashigar hukuma, kada ka tsallaka shingen mutum. Kada ka ɗauka haka yake ko'ina. A jihar Wyoming da ke kusa, ƙasan kogin ma na mai fili ne. A kudancin Ingila, shahararrun koguna irin su Test da Itchen yawanci a hannun masu su suke, sai ka biya kuɗin wuni.

Lasisi dole ne, ana saya ta intanet ko a shagunan kayan su. Na jihar ba ya aiki a cikin gandun Yellowstone, can nasu daban ne.

Akwai haɗari?

Ruwan da kansa shi ne na farko, ya fi yadda ake ganinsa ƙarfi, kada ka wuce cinya. Na biyu tsawa: hadari kan haɗu da rana farat ɗaya, sandar kuma tana ɗaukar lantarki, da ka ji rugugi ka kwantar da ita ka fita. A sama kusa da Yellowstone akwai beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari, ana tafiya da feshin barkono na musamman kuma ana yin motsi don kada a yi kiciɓis. A ƙasa wajen kwazazzabai akwai macizai masu dafi. Wasu shekarun hayaƙin gobarar daji kan rufe kwarin, mai asma ya kula.

Waɗannan kifaye 'yan asalin kogin ne?

A'a, duka biyun baƙi ne. Mai ruwan ƙasa daga Turai yake, ƙwansa ya iso Amurka daga Jamus a 1883. Bakan gizo daga kogunan gaɓar tekun Fasifik aka kawo shi. Ɗan gida shi ne mai jan zane a ƙarƙashin haɓa, wanda yanzu sai a ƙananan rafukan kan dutse ake samunsa sosai. A 1994 an gano wata cuta daga Turai a Madison mai lalata guringuntsin ƙananan kifi har su riƙa juyi a wuri ɗaya. Ta kashe kusan kashi 90 cikin ɗari na bakan gizo a sashen sama, mai ruwan ƙasa kuwa da ya taso tare da ita can gida bai ji jiki sosai ba. Daga baya bakan gizon ya farfaɗo. Wannan ne ya sa ake matsa wa mutane su wanke takalma da kwale-kwale su shanya kafin su sauya kogi.

Sai an je Amurka ke nan? Babu a Afirka?

Akwai, a inda tudu ya ba da sanyi. Turawan mulkin mallaka sun kai tirawut Kenya a 1905, aka zuba a kogin Gura da ke duwatsun Aberdare, kuma har yau yana nan. Akwai shi a Lesotho da tsaunukan Afirka ta Kudu. Kenya ma ta zama cibiyar naɗa ƙwarin bogi, da yawan waɗanda ake sayarwa a shagunan Turai da Amurka hannun 'yan Kenya ne ya naɗa su.

Dabarar kuma ba ta tirawut kaɗai ba ce. A kogin Faro da ke arewacin Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai, baƙi kan zo da rani su kama tsage da rana, giwan ruwa kuma da dare, duk da ƙwaron bogi. Sai dai can sanda mai kauri ake riƙewa, ƙwaron ya kai tsawon tafin hannu yana kwaikwayon ƙaramin kifi, kuma ga tsage sai an sa waya a bakin zaren, in ba haka ba haƙoransa su datse shi a cizon farko.